Masu Ce Maka "Buga Kawai" Ba Su Za Su Biya Bashin Ba



Maganar yau ba za ta yi wa wasu daɗi ba, mun sani. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma abin da ya faru a wannan zaure kwanakin baya ya isa a tsaya a kansa.

Wata ƙanwarmu ta sanar cewa ta kammala littafinta na farko, za ta ɗauki adashinta, ta haɗa da kuɗin 'yan kunnenta, ta buga kwafi dubu. Kafin la'asar sharhi ya cika. "Ma sha Allah." "Allah ya sa albarka." "Buga kawai Anti, muna jira." "Ni dai a ajiye mini kwafi biyar." Mutum ɗaya ne kacal ya tambaye ta wa zai saya, nawa kowane kwafi zai tsaya mata, kuma a ina za ta ajiye su. Aka yi masa caa. Wani ya ce hassada ce, wata ta ce irinsu ne masu kashe wa na baya gwiwa, wani ya ɗauko masa wa'azin tawakkali. Bawan Allah ya goge sharhinsa ya yi shiru.

To mu mun zo mu mayar da wannan sharhi da aka goge, mu kuma ɗora a kansa. A duk waɗanda suka yi magana ran nan, shi kaɗai ne ya nuna wa yarinyar nan ƙauna. Sauranmu daɗin baki muka yi mata, kuma daɗin baki ba ya biyan mai maɗaba'a.

Ba daga sama muka tsinci wannan magana ba. A cikinmu masu kula da zauren nan akwai wanda har yau kwalaye huɗu na littafinsa ke jibge a bayan ƙofar ɗakinsa, shekara ta uku ke nan. Kwalin ƙasa danshin damina ya cinye shi, na kusa da bango gara ta shiga. Kullum ya tashi da safe da su yake fara ido huɗu. Lokacin da zai buga, mutum fiye da ɗari suka rubuta masa "a ajiye mini". Da littafi ya fito, waɗanda suka turo kuɗi ba su cika ashirin ba. Sauran, wasu suka ce sai ƙarshen wata, wasu suka ce ai tsakaninmu ba ciniki, wasu ko amsa saƙo ba su yi ba. Babur ɗin da ya sayar ya yi bugun kuwa, har yau bai mayar da shi ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da muke cewa a taƙaice. Rubutu sana'a ce guda, sayar da rubutu wata sana'a ce daban. Ranar da ka sa wa littafinka farashi, ko na takarda ne ko na waya, ran nan ka buɗe shago. Kuma shago yana da dokokinsa, ba ruwansa da daɗin labarinka. Mai shayi ba ya kafa tebur sai ya duba ko mutane na bin layin, ya san kuɗin madara da burodi da gawayi, ya san kofi nawa zai sayar kafin uwar kuɗi ta fita. Mai ƙosai ta san mudu nawa za ta jiƙa ranar kasuwa, nawa za ta jiƙa ranar da ba kasuwa. Mu ne kawai, masu taƙama da ilimi da alƙalami, muke zuba dubban ɗaruruwa a harkar da ba mu yi mata lissafin shafi ɗaya ba, sannan mu kira abin kishin adabi.

NA GABA DA MU 'YAN KASUWA NE

Wasu za su ce su Abubakar Imam ba su yi wannan lissafi ba. Gaskiya ne, domin akwai masu yi musu. Gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar hukuma ce ta shirya ta, ƙarƙashin Rupert East a Zariya. Hukuma ta buga, hukuma ta rarraba, makarantu suka karanta. Daga baya aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi NORLA, aka yi NNPC a 1966. Marubuci ya rubuta, wasu su ɗauki nauyin takarda da tawada da kai kaya. Kuma ko da gwamnati a bayanta, NORLA ba ta kai labari ba, an rufe ta a 1959 saboda matsalar kuɗi. Idan harkar littafi ta iya kayar da hukuma, ina ga mai adashi?

Da kamfanoni suka ja baya a shekarun 1980, sai marubuta suka ɗauki abin da kansu, aka samu abin da ake kira adabin kasuwar Kano. A nan ne muke yawan yin kuskuren fahimta. Muna tuna Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu, muna tuna In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, muna tuna yadda suka shiga kowane gida, sai mu ɗauka daɗin labari ne kaɗai ya kai su. Ku ɗauko tsofaffin littattafan wancan zamani ku duba da idon ɗan kasuwa. Sirara ne, takardarsu mai araha, farashinsu daidai aljihun 'yar makaranta da matar aure. Labari ɗaya akan raba shi kashi na ɗaya, na biyu, na uku, a tsaya a inda mai karatu ba zai iya haƙura ba, cinikin na ɗaya ya buga na biyu. 'Yan ƙungiyar Raina Kama sukan jera sunayen littattafan junansu a cikin littattafansu, kowa na yi wa ɗan'uwansa talla. Ga diloli a kasuwar Sabon Gari masu sari su tura garuruwa, ga masu ba da hayar littafi a unguwanni, ga gidajen rediyo masu karantawa. Wannan duk tsari ne. Mutanen nan sun san mai sayensu, sun san abin da ke aljihunsa, sun san hanyar da kaya zai bi ya same shi.

Mu kuwa mun gaji sha'awar ganin sunanmu a bango, mun bar lissafin a inda suka bar shi. Ga shi kasuwar da suka yi wa lissafi ma ba ita ce tamu ba. Mai karatun da ke zuwa shagon haya jiya, yau labari yana cikin wayarta. Takardar da ake buga littafi da ita daga waje ake shigo da mafi yawanta, tunda masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da kasa wadatar da ƙasar. Saboda haka duk lokacin da dala ta motsa, kuɗin bugu ya motsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, kowa ya ga yadda kuɗin takarda da na mota da na tayar da janareta suka yi. Wanda ya ce maka "ai da ana buga dubu biyar ta ƙare a wata", tambaye shi yaushe rabonsa da shiga layin masu littattafai.

HUJJOJI UKU DA AKE RUFE MANA BAKI DA SU

Ta farko ita ce tawakkali. Da ka ce a yi lissafi, sai a ce arziki na Allah ne. Wa ya musa? Amma addinin da ake fakewa da shi bai koyar da haka ba. Kowa ya san hadisin mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Annabi Yusuf, alaihis salam, tanadin shekara bakwai ya tsara wa mutanen Masar. To ina aka samo cewa zuba kaya a shagon wani ba rasit ba shaida shi ne dogaro ga Allah? Sunan wannan sakaci. Kuma in abin ya lalace sai mu ce ƙaddara, alhali mu muka ƙi ɗaure raƙumar.

Ta biyu ita ce wai marubucin gaske ba ya maganar kuɗi. Mun yarda akwai mai rubutu don Allah da son harshe, ba ya neman ko sisi. Allah ya saka masa. Irin wannan ya saki rubutunsa kyauta, ko ya buga 'yan kwafi da rarar kuɗinsa ya raba, ba mu da ta cewa. Amma wanda ya ci bashi ya buga, ya sa farashi, yana fatan kuɗi su dawo, ya riga ya shiga maganar kuɗi har wuya, ƙin yin lissafi ba zai fitar da shi ba. Ku lura kuma da masu yawan faɗin wannan magana. Sau da yawa su ne masu son a ba su kwafi kyauta, ko masu son karanta littafinka a tasharsu ta YouTube ba tare da sun biya ba. Mai maɗaba'a yana maganar kuɗi, mai zanen bango yana yi, direban da zai kai kaya Gusau yana yi. Marubuci kaɗai ake so ya ji kunya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Asarar ma ba a aljihu take tsayawa ba. Mun san masu baiwa da yawa da suka daina rubutu ɗungurungum bayan littafin farko ya karya su. Miji ya ce ba a ƙara, ko iyaye su ce ga abin da muke faɗa, ko shi kansa ya tsani alƙalamin. Rashin lissafi ya kashe marubuta fiye da yadda masu suka suka kashe. Wanda ke kishin adabin Hausa da gaske, so yake marubuci ya kai littafi na biyu da na biyar.

Ta uku ita ce ƙaddamarwa. "Kada ki damu, ranar ƙaddamarwa kaɗai za ki mayar da kuɗinki." Wannan ita ce ta fi cutar da mu, domin tana da kamannin tsari. A kama zaure, a buga katin gayyata, a yi abinci da lemo, a ɗauko mai gabatarwa da mai hoto, a ɗinka anko. Babban mai ƙaddamarwa ya turo wakili, wakili ya karɓi lasifika ya ce mai gidansa ya sayi kwafi goma a kan kuɗi kaza, a yi tafi. Daga nan sai zarya. Yau Alhaji ya yi tafiya, gobe yana taro, jibi wayar ba ta shiga. Ba mu ce ba a taɓa samun wanda ƙaddamarwa ta yi wa rana ba, ana samu, musamman mai uwa a gindin murhu. Amma kai da ba ka da kowa, in ka gina bugunka a kan alƙawarin da za a yi a bainar jama'a, roƙo ka shirya, kuma kuɗin taron ma wani bashi ne a kan na bugu. Abin da aka samu a ƙaddamarwa a ɗauke shi kyauta daga Allah. Kada a sa shi a lissafi sai an ga alat.

TO WANE LISSAFI MUKE NUFI?

Ba wani abu ne na 'yan boko ba. Takarda ɗaya da biro sun isa.

Fara da mai saye. Rubuta sunayen mutanen da ka tabbata za su ciro kuɗi su ba ka. Sunaye muke nufi, ɗaya bayan ɗaya, ban da "masoyana" da "jama'ar Arewa". Masu danna maka alamar so a Facebook ba su shiga ciki, don dannawa ba ta cin ko kwabo. In ka gama, raba adadin biyu. Hanyar da ta fi wannan ma ita ce ka buɗe oda tun kafin bugu: ga bango, ga babi ɗaya a ɗanɗana, ga farashi, ga ranar fitowa, mai so ya ba da kafin alƙalami. Waɗanda suka biya su ne kasuwarka ta gaskiya. In mutum arba'in suka biya, kasuwa ta gaya maka kada ka buga dubu. Gara ka ji wannan magana yanzu da ka ji ta daga bakin gara. Sai dai ka riƙe kuɗin nan amana, kada ka taɓa su sai don bugu, in abin ya fasa ka mayar wa kowa nasa.

Sai kuɗin kowane kwafi. Yawancinmu abin da mai maɗaba'a ya faɗa kawai muke riƙewa. Bari mu yi misali, kuma misali ne kawai, kowa ya je ya tambayo farashin garinsu na yau. Mu ɗauka gyaran rubutu da tsara shafuka da zanen bango da lambar ISBN sun ci naira 150,000. Bugun kwafi 500 a kan naira 1,200 kowanne, naira 600,000. Kuɗin mota da talla da 'yan kunji-kunji, naira 50,000. Jimla naira 800,000. Sai ka ce kowane kwafi ya tsaya maka 1,600, in ka sayar 2,500 ka ci ribar 900. A nan ake faɗawa rami. Cire kwafi uku da doka ta ce a kai Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, cire na iyaye da malamai da surukai da masu sharhi, cire waɗanda za su zo da shafi a juye. Ka ce 50 sun tafi. Saura 450, kowanne ya koma kusan naira 1,780. Mai shago kuma ba don Allah zai sayar maka ba. In ya ɗauki kashi 30 cikin ɗari na 2,500, abin da zai miƙo maka 1,750 ne. Ka ga duk kwafin da ya bi ta shago faɗuwa ka yi, ko da an sayar da shi, ko da an biya ka a kan lokaci. In kuwa da hannunka za ka sayar a 2,500, sai ka sayar da kwafi 320 kafin kuɗinka su dawo, riba ba ta fara ba sai a na 321. Yanzu koma ga takardar sunayen nan. Mutum 320 ne a ciki?

Wannan lissafi bai ɗauki minti goma ba, amma yana iya tsare wa mutum babur ɗinsa. Kuma shi zai nuna maka inda za ka gyara: a rage shafuka, a canza takarda, a ɗaga farashi, ko a rage adadi. Mai maɗaba'a zai ce maka dubu ta fi ɗari biyar sauƙi a kowane kwafi, kuma gaskiya ya faɗa, domin kuɗin faranti da saita inji ɗaya ne ko nawa za a buga. Amma arahar kayan da ba za a saya ba tsada ce. Yanzu akwai injinan da ke buga kwafi hamsin ko ɗari. Kowane kwafi ya fi tsada, amma in sun ƙare ka sake bugawa da kuɗin da suka kawo, ka kwana ba kwali a bayan ƙofa. Ka zaga maɗaba'a uku kafin ka zaɓa, ka ga aikin da suka yi wa wasu, a rubuta irin takarda da adadi da ranar karɓa, kuma kada ka biya duka sai ka ga kaya.

Sai asalin jarin. Ƙa'idarmu a nan gajeriya ce: littafin farko da kuɗin da za ka iya rasawa ake buga shi. Ban da kuɗin makarantar yara, ban da kuɗin haya, ban da jarin sana'ar da ke ciyar da gida, ban da bashin manhajojin waya masu ruwa da ke bin lambobin 'yan'uwanka da saƙon tozarci. Littafi ba tumatir ba ne, ba ya ruɓewa in ya jira wata shida a cikin kwamfuta. Ka tara a hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai bashi. Duk wanda ka ba kaya ya sayar, ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, a rubuta: kwafi nawa, a kan nawa, la'adarsa nawa, yaushe za a yi lissafi, wa ke da asara in kaya ya lalace. Ka fara da kwafi goma, in ya biya ka ƙara masa. Wanda ya ji haushi don ka ce a rubuta, ya riga ya gaya maka yadda ranar biya za ta kasance.

'YAN ONLAYIN, KU MA DA KU MUKE

Muna jin wasu na cewa su ba ruwansu, a waya suke sayarwa, ba jari ba asara. Wannan ma ruɗi ne. Data kuɗi ce, cajin waya kuɗi ne, wayar kanta tana tsufa, idonki da bayanki da barcin da kika hana kanki duk jari ne. Mu sake yin misali. Kin sa littafi naira 500, mutum 120 suka biya, naira 60,000 ke nan. Kin yi wata huɗu kina taifin kullum, data da caji sun ci 20,000. Saura 40,000, wato 10,000 a wata. In kin ga hakan ya yi miki, madalla, amma ki san shi tun kafin ki fara, kada ki bar ɗinkin da ke kawo miki fiye da haka saboda shi.

Sannan ki shirya wa ɓarayi. Kowa ya san yadda ake yi: mutum ɗaya ya biya, ya kwashe shafuka ya watsa a zauruka goma, kafin ki kai ƙarshe an haɗa littafin ana rabawa kyauta, wani kuma ya ɗora murya a kai yana samun kuɗi a YouTube. Allah ya isa da ake rubutawa a saman kowane shafi ba ta hana su ba. Tun da haka ne, lissafinki ya tsaya a kan kuɗin da za su shigo kafin littafi ya fita hannunki, abin da ya biyo baya ƙari ne.

Akwai kuma laifin da yake namu. A karɓi kuɗin mutane a kan littafin da ba a rubuta ko rabinsa ba, sai rashin lafiya ko biki ko lalacewar waya su zo, labari ya tsaya, masu karatu su yi ta bin bashi. Wannan yana zubar da mutuncin mai yi, yana kuma sa a ƙi biyan na bayanta. Ki gama, ko ki yi nisa sosai, kafin ki ce a biya. Ki ware asusun da kuɗin littafi kaɗai ke shiga, ki sami ɗan littafin da kike rubuta wanda ya biya da ranar da ya biya. Ki tanadi hanyar da masu karatunki na Maraɗi da Damagaram za su biya da sefa ba tare da wahala ba, don suna da yawa kuma suna saye. Kada kuma ki zuba ƙwanki duka a manhaja ɗaya. OkadaBooks ta yi shekara goma marubutanmu na sayar da littafi a cikinta, aka rufe ta a ƙarshen Nuwamban 2023. Wadda ta adana rubutunta da lambobin masu sayenta ta ci gaba da harkarta. Wadda ba ta yi ba ta koma farko.

Game da takardu, abu biyu za mu faɗa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba ka haƙƙin rubutunka tun daga lokacin da ka rubuta shi, kuma sayar da wannan haƙƙi ko mallaka wa mutum ɗaya izinin amfani da shi ba ya tabbata sai a rubuce. Don haka in mai fim ko mai tasha ya zo, a zauna a rubuta abin da ka ba shi, na tsawon wane lokaci, a kan nawa. Kada a ba ka kuɗin kati ka sallama aikin shekara. Na biyu, rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC tana da amfani in harka ta fara tafiya, musamman in kana son makarantu su saya ko ka buɗe asusu da sunan kamfani. Amma kada ka fara da ita. Mun ga masu kamfanin ɗab'i da tambari da hatimi da kati, ba su taɓa sayar da kwafi talatin ba.

ABIN DA BA MU CE BA

Ba mu ce lissafi yana hana faɗuwa ba. Ana yin shiri a faɗi, kasuwa ta Allah ce. Bambancin shi ne mai shiri yana faɗuwa daidai ƙarfinsa, ya san inda ya yi tuntuɓe, ya tashi ya sake. Ba mu kuma ce a zauna ana ta shiri har tsufa ba. Akwai masu fakewa da "ina kan tsarawa" shekara biyar saboda tsoro, su ma ba mu goyi bayansu ba, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Lissafin da muka zayyana aikin mako biyu ne, har da zagayen maɗaba'a. In ka gama, ko dai ka buga, ko ka rage, ko ka ɗaga zuwa ranar da ka sa. Kowanne ka zaɓa, da idonka a buɗe ka zaɓa.

Ƙanwarmu mai adashi, in kina karanta wannan, ba mu ce littafinki ba shi da kyau ba. Mun karanta abin da kika ɗora, kina da hannu, shi ya sa ma muka damu. So muke bayan shekara goma a ce ga littafinki na takwas. Ki mayar da 'yan kunnenki cikin akwati tukuna. Ki buɗe oda, ki ga mutum nawa cikin masu "a ajiye mini biyar" za su turo kuɗin ko da guda. Ki zo mana da adadin, mu zauna tare mu yi lissafin, akwai waɗanda suka sha wannan ruwa a nan kuma ba za su ɓoye miki komai ba.

Ɗan'uwa da ka goge sharhinka, ka yi haƙuri, mu ma da muka gani muka yi shiru muna da laifi. Ka dawo.

Daga wannan mako, duk wanda ya sanar a zauren nan cewa zai buga littafi ko zai fara na kuɗi, za mu yi masa addu'a kamar yadda muka saba, sannan mu tambaye shi: wa zai saya, nawa kwafi ya tsaya maka, nawa za ka sayar kafin kuɗinka su dawo, daga ina jarin ya fito, in ba a saya ba me zai same ka? Wanda ya kira mai wannan tambaya mahassadi, sai mu ce ya fara turo kuɗin kwafinsa.

Waɗanda suka taɓa bugawa, muna roƙon ku faɗa mana a ƙasa nawa kuka buga, nawa kuka sayar, da abin da za ku canza in da yau ne. Ba sai kun ambaci sunan maɗaba'a ko mai shago ba. Na baya suna buƙatar jin gaskiya daga bakinku.

Allah ya sa albarka a alƙalumanmu da aljihunanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.